John Augustus, Badukun Da Ya Tsaya Wa Mutum 1,946 A Gaban Alƙali

A ko'ina cikin ƙasar Hausa, tun daga manyan birane har zuwa ƙananan garuruwa irin su Bauranya da ke yankin Kusada da Kankiya a tsakiyar Jihar Katsina, in aka kama saurayi aka kai shi gaban alƙali, abin da danginsa kan fara tambaya shi ne wa zai tsaya masa. In an sami dattijo mai mutunci ya karɓi belinsa, sai ya koma gida ya ci gaba da nomansa har ranar da za a sāke zama. In kuwa ba a samu ba, to sai gidan yari, wataƙila damina ta faɗi har ta ɗauke bai leƙa gonarsa ba, alhali ba a riga an tabbatar masa da laifin kome ba.

A ƙasashe da yawa na duniya, tsaya wa irin wannan mutum da sa ido a kansa ya zama aikin gwamnati, da ma'aikata na musamman masu albashi da horo. Amma wanda ya aza harsashin wannan aiki ba alƙali ba ne, ba lauya ba ne, bai kuma taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba. Wani baduku ne mai ɗinkin takalma a birnin Boston na ƙasar Amurka, ana ce da shi John Augustus.

Asalinsa Da Sana'arsa

An haifi John Augustus a cikin shekarar 1785 a garin Woburn da ke Jihar Massachusetts. Da ya tasa sai ya koma garin Lexington, inda ya kama sana'ar ɗinkin takalma, ya kafa shago, ya ɗauki ma'aikata, har ya yi rufin asiri daidai gwargwado. A ƙarshen shekarun 1820 ya ƙaura zuwa Boston, babban birnin jihar, ya buɗe shagonsa a wani lungu da ba shi da nisa da kotun 'yan sanda ta birnin. Wannan maƙwabtaka da kotu ita ce ta juya rayuwarsa daga baya.

A wancan zamani shan barasa ya zama annoba a biranen Amurka. Leburori da ma'aikatan tashar jiragen ruwa sukan karɓi ladansu su zube shi a mashaya, iyali na gida da yunwa. Maganin da hukuma ta sani kuwa ɗaya ne tak, watau kama mashayi a ci shi tara, in ya kasa biya a jefa shi gidan horo na wasu watanni. In ya fito ya tarar aikinsa ya tafi, iyalinsa sun watse, sai ya koma wa kwalba, a sāke kama shi.

A cikin 1840 waɗansu mashaya guda 6 a birnin Baltimore suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar ƙauracewa barasa, suka sa mata sunan Washington, shugaban Amurka na farko. Aƙidarsu ita ce mashayi mutum ne da za a iya ceto shi ta hanyar lallashi da jawo shi a jiki, ba ta tsangwama ba. Ƙungiyar ta yaɗu kamar wutar daji, ta isa Boston, Augustus kuwa ya shiga cikinta. Daga nan ne ya fara zuwa kotu yana zama yana sauraron yadda ake yi da mashaya.

Mutumin Farko

Wata safiya cikin watan Agusta na 1841, sa'ad da Augustus ke da shekara 56, aka shigo da wani mutum kotun 'yan sanda cikin tsummoki, ana tuhumarsa da zama gawurtaccen mashayi. Shaida ta tabbata a kansa, abin da ya rage kawai a tura shi gidan horo. Kafin alƙali ya yanke hukunci Augustus ya matsa kusa da shi suka yi 'yar magana, mutumin ya yi masa alkawarin cewa muddin aka tsame shi daga ɗauri, shi da barasa har abada.

Augustus ya miƙe ya roƙi alƙali ya ba shi belin mutumin. Alƙali ya yarda, ya ɗage yanke hukunci zuwa mako 3. A cikin wannan lokaci mutumin ya sa hannu a takardar alkawarin barin sha, ya kama aiki, ya koma cikin iyalinsa. Ranar da wa'adi ya cika Augustus ya rako shi kotu da kansa, an ce har ma'aikatan kotun da kyar suka shaida shi saboda yadda ya sāke kama. Alƙali ya ji bayani ya gamsu, maimakon ɗauri sai ya ci shi tarar santi 1, watau kwabon Amurka, tare da kuɗin kotu, duka-duka dala 3 da santi 76.

Wannan ƙaramin al'amari shi ne mafarin aikin da Augustus ya riƙe har shekara 18. Da farko mashaya maza kaɗai yake tsaya wa. Ba a daɗe ba ya haɗa da mata. A cikin 1843 ya faɗaɗa aikin zuwa babbar kotun birni, inda ake shari'ar laifuffukan da suka fi nauyi, ya kuma fara karɓar belin yara ƙanana da ake tuhuma da sata, waɗanda a wancan lokaci akan kulle su ɗaki ɗaya da manyan ɓarayi.

Yadda Yake Aikin

Masu karatu za su yi kuskure in suka ɗauka cewa tausayi ne kurum ke jan wannan bawan Allah yana tsaya wa duk wanda ya gani. Yana da tsari, kuma tsarin nan nasa shi ne ginshiƙin aikin har yanzu.

Da fari yakan yi bincike. Kafin ya buɗe baki a gaban alƙali sai ya san shekarun mutum, da halinsa na baya, da irin abokan da yake hulɗa da su, da gidan da zai koma in an sake shi. Ya fi karkata ga waɗanda karonsu na farko ke nan a kotu, da waɗanda ya ga alamar nadama a tare da su. Wanda ya ga zuciyarsa ta riga ta ƙeƙashe, yakan bar shi da hukuma.

Na biyu, yakan ɗauki nauyi da dukiyarsa. Shi ke sa hannu a takardar beli, ma'ana in mutumin ya gudu, aljihun Augustus ne zai biya. Sau da yawa kuma shi ke biyan tara da kuɗin kotu a madadin waɗanda ba su da hali.

Na uku, ba ya sakin mutum sakaka bayan an fito daga kotu. Yakan nema wa magidanci aiki, ya sa yaro a makaranta ko ya danƙa shi ga mai sana'a, ya sama wa macen da ba ta da mafaka wurin zama. Gidansa da kansa ya zama masauki ga waɗanda ba su da inda za su. Yakan hau keken dokinsa ya zaga unguwannin Boston yana bin mutanensa gida-gida, ya ga ko suna riƙe da alkawari.

Na huɗu, yakan koma wa alƙali da rahoto. Misali, a cikin 1847 ya karɓi belin yara maza 19 masu shekara daga 7 zuwa 15, bisa yarjejeniya da kotu cewa za a riƙa ɗage shari'arsu wata-wata. Duk wata in aka kira sunayensu sai ya miƙe ya ba da bayanin halin da kowane yaro ke ciki. Bayan wata 5 zuwa 6 ya kawo 12 daga cikinsu kotu a rana ɗaya, tsaf da su, alƙali ya nuna jin daɗinsa da abin da ya gani.

Na biyar, yana da littafi. Duk wanda ya tsaya wa sai ya rubuta sunansa, da ranar, da kotun, da laifin da ake tuhumarsa, da yawan kuɗin beli, da yadda shari'ar ta ƙare. Wannan lokaci na jira da sa ido shi ne ya kira furobeshan, kalmar da ta samo asali daga harshen Latin, ma'anarta gwaji ko jarrabawa. Da wannan suna ne duniya ta san aikin.

Ya kamata a lura cewa da yawa daga cikin mutanensa sun riga sun amsa laifi ko an same su da shi, hukunci kaɗai ake jira. Waɗansu kuwa shari'arsu ce ba a gama ba. Saboda haka ne ma'aikata iri biyu ke ɗaukarsa a matsayin kakansu, watau masu kula da wanda aka yi wa sassauci bayan hukunci, da masu kula da wanda aka ba beli kafin shari'a.

Tsangwama Da Hasara

Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, in ji masu iya magana. Aikin nan bai jawo wa Augustus farin jini a harabar kotu ba. A tsarin wancan lokaci akwai ɗan lada, bai kai dala ɗaya ba, da akan biya jami'ai a kan kowane mutum da aka kai gidan yari. Ke nan duk wanda Augustus ya tsamo, ya rage wa wani abin sawa a aljihu. Don haka 'yan sanda da ma'aikatan kotu da yawa suka ɗauke shi abokin gaba, wani lokaci ma akan hana shi wurin zama ko a nemi fitar da shi daga ɗakin shari'a.

Masu gabatar da ƙara su ma suna ƙorafin cewa yana cika musu littafi da shari'un da ba a rufe ba. Waɗansu jaridu kuma suka yi masa caa, suna zarginsa da ɗaure wa ɓarayi da mashaya gindi, har da cewa wai riba yake ci da sunan taimako. Amma alƙalai da dama, waɗanda su ne ke ganin sakamakon da idonsu, suka ci gaba da ba shi mutane.

Maganar riba kuwa, akasinta ne ya faru. A shekarun farko yakan wuni a kotu ya kwana a shago yana ɗinki don ya sami abin biyan tara. Sannu a hankali sana'ar ta durƙushe, bayan 'yan shekaru ya rufe shagon ɗungum ya ba da kansa ga aikin, yana dogara da gudummawar waɗansu mutanen kirki na birnin. Bai taɓa karɓar albashi daga gwamnati ba.

A cikin 1852, bisa roƙon abokansa, ya buga rahoton aikinsa na shekara 10, inda ya nuna cewa ya tsaya wa mutum fiye da 1,100. Ya zuwa 1858 adadin ya kai 1,946, maza 1,152 da mata 794, jimlar kuɗin belin da ya ɗauka a wuyansa kuwa ta haura dala 240,000, dukiya mai ɗimbin yawa a wancan zamani. Daga cikin wannan taro duka, an ba da labarin cewa mutum 10 ne kacal suka ci amanarsa suka gudu.

Ɗalibai masu nazari za su so su auna wannan adadi da hankali. Alƙaluman daga littafinsa suka fito, shi ne kuma ke zaɓen waɗanda zai tsaya wa, bai ɗauki kowa da kowa ba. Duk da haka abin da suka nuna a fili yake: akwai ɗimbin mutane da ake kullewa waɗanda za su dawo kotu da ƙafarsu in an sami mai kula da su.

John Augustus ya rasu a Boston ran 21 ga watan Yuni, 1859, ya haura shekara 70, bai bar wata dukiya ba.

Abin Da Ya Biyo Baya

Ba shi kaɗai ne ya yi irin wannan tunani a zamaninsa ba. Tun kafinsa wani alƙalin Boston, Peter Oxenbridge Thacher, yakan saki waɗansu masu laifi bisa alkawarin kyautata hali. A Ingila kuma, a cikin shekarar 1841 ɗin nan, alƙali Matthew Davenport Hill na birnin Birmingham ya fara danƙa yara masu laifi ga iyayensu ko iyayen gidansu, yana ajiye rajistarsu. Abin da ya bambanta Augustus shi ne ya haɗa bincike da beli da sa ido da rahoto suka zama aiki guda na mutum guda.

Shekara 19 bayan rasuwarsa, watau a 1878, majalisar Massachusetts ta yi dokar farko da ta ba magajin garin Boston ikon ɗaukar ma'aikaci mai albashi don wannan aiki. Edward Savage, tsohon shugaban 'yan sandan birnin, yana cikin waɗanda suka fara riƙe muƙamin. Ingila ta yi tata dokar a 1907, gwamnatin tarayyar Amurka kuma a 1925. A cikin 1939 aka sāke buga rahoton Augustus don tunawa da shi.

Ɓangaren masu jiran shari'a ya ɗan jinkirta. Sai a 1961 aka fara wani gwaji a birnin New York, inda ɗaliban aikin lauya ke ganawa da waɗanda aka tsare, su binciki aikinsu da iyalinsu da daɗewarsu a unguwa, sa'an nan su ba alƙali shawarar a sake su bisa alkawari ba tare da ajiye kuɗi ba. A cikin shekara 3 aka saki fiye da mutum 3,000 ta wannan hanya, waɗanda suka ƙi dawowa ba su kai 2 cikin 100 ba. Wannan ya sa aka gyara dokar beli ta tarayya a 1966, kuma a 1982 aka yi dokar da ta kafa ma'aikatan kula da masu jiran shari'a a kotunan tarayyar Amurka. Aikinsu shi ne su bincika wa alƙali tarihin wanda ake tuhuma kafin a yanke shawarar beli, in an sake shi su tabbatar yana kiyaye sharuɗɗa, su tuna masa ranar zama, su kuma sanar da kotu in ya saɓa.

Darasi Ga Ƙasarmu

Tsaya wa mutum ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, sun yi bayanin lamuni iri uku a sha'anin haƙƙoƙin mutane: lamunin dukiya, da lamunin fuska, watau ɗaukar nauyin kawo mutum gaban alƙali, da lamunin nema, watau ɗaukar nauyin binciko shi. A al'adance kuma mai unguwa da dagaci da liman da uban gida duk sukan tsaya wa na ƙasa da su, domin sun san gidansa da gonarsa da halinsa. Abin da Augustus ya sha wahalar bincikowa a babban birni, dattijon ƙauye ya riga ya san shi tun yaron na goye.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana 2. Tun 1977 akwai dokar da ta ba manyan alƙalai ikon ziyartar gidajen yari su saki waɗanda aka tsare fiye da kima. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta hana tsananta sharuɗɗan beli, ta kuma fayyace cewa ba za a hana mace tsaya wa mutum don kawai ita mace ce ba. A cikin 2019 kuma aka yi dokar da ta sāke wa hukumar gidajen yari suna zuwa hukumar gyaran hali, aka kafa mata sashe na musamman mai kula da hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin gayya ga al'umma da sassauci ƙarƙashin sa ido.

Amma duk da waɗannan dokoki, shekara da shekaru ke nan wajen kashi 2 cikin 3 na mutanen da ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan masu jiran shari'a ne. Da yawansu ƙananan laifuffuka ake tuhumarsu da su, abin da ya hana su fita shi ne rashin mai tsaya musu, ko sharaɗin kawo babban ma'aikacin gwamnati ko takardar mallakar fili, abin da talakan ƙauye ba shi da hanyar samu. Gwamnati ke ciyar da su, iyalinsu kuma na can cikin wahala, yaro mai ƙaramin laifi yana kwana yana tashi da ƙwararrun ɓarayi.

Alƙali ba ya ƙin ba da beli don mugunta. Tsoronsa shi ne ya saki mutumin da bai san kome a kansa ba, ya ɓace ko ya cuci wani. Wannan tsoro kuwa yana da dalili, kuma haƙƙin wanda aka zalunta ne a tabbatar shari'arsa ba ta watse ba. Abin da tarihin John Augustus ya nuna shi ne tsakanin kulle mutum da sakinsa sakaka akwai hanya ta uku, amma ba ta yiwuwa sai da wanda zai yi tattaki ya je gidan mutumin, ya gana da mai unguwarsa, ya rubuta abin da ya gani, ya kuma dawo ya faɗa wa alƙali gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba.

Ma'aikatan jin daɗin jama'a, da magatakardan kotu, da jami'an gyaran hali, da ɗaliban da ke shirin shiga waɗannan ayyuka, su ne wannan nauyi ya rataya a wuyansu a yau. Suna da doka a bayansu, da ofis, da albashi, abubuwa uku da badukun Boston bai samu ko ɗaya ba a tsawon shekara 18 da ya yi yana aikin. Ranar da saurayin Bauranya zai tsaya gaban alƙali ba shi da kowa, irin wannan ma'aikaci ne zai sa ya yi daminarsa a gona ko a bayan ƙyauren gidan yari.